Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo da Tambayar da Iyakar Illela Ba Ta Amsa Ba

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi arewa, ta ratsa Kware da Gwadabawa, tana ƙarewa ne a Illela bayan tafiyar kilomita 80 da 'yan kai. Daga nan sai shingen kwastan, sai Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Masu bin ta a yau galibi fatake ne da direbobin manyan motoci da dillalan dabbobi masu cin kasuwar Lahadi, kuma abin da aka fi sanin yankin da shi shi ne ciniki, sai kuma fargabar da ta sauka a 'yan shekarun nan. Amma tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layin da ya raba wannan ƙasa gida biyu, an taɓa danƙa kulawar arewacin Sakkwato a hannun mutum guda, Aliyu Jedo, shugaban Fulanin Ƙonni, wanda ya riƙe muƙamin Amirul Jaishi, wato Sarkin Yaƙi, na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Sunansa bai yi tashe kamar na Shehu da Abdullahi da Bello ba, domin su sun bar littattafai, shi kuwa aikinsa a bayan doki yake. Akwai titi mai sunansa a cikin birnin Sakkwato, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Yaƙin Binji har yau. Rayuwarsa ta cancanci a sake dubanta, saboda tana ɗauke da amsar wata tambaya da ta dawo ƙasar Illela da ƙarfinta: idan al'umma ta matsu har ta nemi mai makami ya kare ta, da me za ta ɗaure shi don kada gobe ya juyo kanta?

Mutumin da ya zo da mayaƙansa

Jama'ar da ta taru a Ɗagel, cikin ƙasar Gwadabawa ta yanzu, malamai ne da almajirai. Sun san Muwaɗɗa da Risala, amma yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban rundunar sarki ba. Lokacin da dangantaka ta lalace tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa, har Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, abin da suka fi buƙata shi ne mutanen da suka san daji, suka iya baka, kuma suke da dangin da za su amsa kira. Aliyu Jedo yana cikin waɗanda suka taimaka wajen wannan ƙaura, kuma Gudu tana gefen ƙasar da mutanensa ke kiwo. Irinsa ne Muhammadu Moyijo na Fulanin Kabi da Muhammadu Namoda na Alibawan Zamfara. Kowannensu ya zo da jama'arsa, kuma jama'ar nan shi ta sani tun kafin ta san tutar jihadi.

A nan ƙarfin yake, a nan kuma haɗarin yake. Shugaban da ya ɗauki soja ɗaya bayan ɗaya, ya ba shi makami da abinci, shi ne uban gidan sojan. Wanda kuwa ya karɓi runduna a dunƙule daga hannun wani, aro ya yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da mai rundunar ya ga dama yana iya janye ta, ko ya yi ciniki da ita.

Sarakunan Hausa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka gina ƙarfinsu a kan barade. Barde mai lifidi abu ne mai tsada. Yana buƙatar ingarman doki, da lifidin auduga da zai rufe dokin da mahayinsa, da sulke da kwalkwali da garkuwa da mashi, da barorin da za su yi wa dokin ciyawa su kuma ɗora mahayin a kan sirdi. Talaka ba ya iya wannan. Sarki ko babban hakimi ne ke sayen kayan ya bayar, kuma da wannan kyauta yake sayen biyayya. Wanda dokin da ke ƙarƙashinsa na sarki ne, da wuya ya yi wa sarki tsaye.

Da irin waɗannan barade, tare da Azbinawa masu mara masa baya, Yunfa ya fito a Tafkin Kwato a watan Yunin 1804. Dawakin Jama'a a ranar ba su wuce ashirin ba. 'Yan baka ne suka tsaya har rundunar Gobir ta karye, ta bar dawaki da kayan yaƙi a fili. Daga wannan rana rundunar Shehu ta fara zama rundunar mahaya, kuma tare da dawakin sai tsohuwar matsalar sarakuna ta shigo sansanin malamai. A fiƙihun Malikiyya, bayan an cire humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar na ganima, mahayi yana samun rabo uku, biyu na dokinsa ɗaya nasa, dakare kuwa rabo ɗaya. Kowane mayaƙi ya gane cewa doki ne hanyar arziki, kuma yaƙi ne hanyar doki.

Nasara da tuntuɓe

Shekaru huɗun da suka biyo baya su ne suka kafa sunan Aliyu Jedo. Jama'a ta sha mummunan kashi a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani kusan 200. A 1805 shi da Abdullahi suka jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi, nasarar da ta buɗe wa Jama'a hanyar zama a Gwandu. A watan Oktoban 1808 yana cikin manyan jagororin da suka kewaye Alƙalawa tare da Bello da Namoda, har birnin ya faɗi aka kashe Yunfa.

Tsakanin waɗannan akwai Alwasa, kuma wanda yake son ya fahimci Sarkin Yaƙi dole ya tsaya a nan. A ƙarshen 1805 taron dangin Gobirawa da Kabawa da Azbinawa ya doso Gwandu. Shugabannin Jama'a suka rabu: Bello yana ganin a tsaya a kare gida, Aliyu Jedo yana cikin masu ganin a fita a tare su. Aka fita. A kan hanya mayaƙa suka afka wa Kwalde, garin da ke zaune lafiya da Jama'a, suka washe shi, Abdullahi da Bello suna hani ba a saurare su ba. Da aka haɗu da abokan gaba a Alwasa, rundunar ta watse, aka kashe kimanin mutum 1,000, saura suka koma Gwandu da ƙyar suka kare ta.

Abdullahi bai manta da wannan ba. A 1807 ya bar sansanin ya nufi gabas da niyyar hajji, cike da takaicin yadda ya ga son mulki da tara dawaki da dukiya sun fara rinjayar abin da aka fito dominsa. A Kano aka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam, littafin da ya shimfiɗa yadda ya kamata mai mulki ya yi hukunci. Shehu kansa, a Bayanu Wujubil Hijra na 1806, ya ba da babi-babi ga dokokin yaƙi da rabon ganima da amanar da ake bai wa wanda ya miƙa wuya. Ba a rubuta doka a kan abin da ba ya faruwa. Yawan rubutun nan shaida ne cewa malaman sun san rundunarsu tana iya ƙwace linzami.

Yadda aka ɗaure shi

Abin lura a tarihin Aliyu Jedo shi ne, duk da ƙarfinsa da taurin kansa, bai ɓalle ba. Dalilin ba ya rasa nasaba da imaninsa, amma shugabannin Jama'a ba su dogara ga imani kaɗai ba.

Sun fara da mubaya'a, wadda ta sa shi ƙarƙashin Amirul Muminina a gaban shaidu. Suka ƙara da aure: Faɗima 'yar Shehu, wadda Nana Asma'u ta yi wa marsiyya bayan rasuwarta, matar Aliyu Jedo ce, kamar yadda ita Asma'u take matar Waziri Giɗaɗo. Da haka mai takobi da mai alƙalami duka suka zama surukan gida ɗaya, 'ya'yansu jikokin Shehu. A 1812, da Shehu ya raba kulawar ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, Bello gabas, Buhari da Abdussalami kudu, arewa kuwa ya ba Aliyu Jedo. Mutumin da a da arzikinsa yake cikin hari, yanzu yana da ƙasar da zaman lafiyarta ne ribarsa. Daga bisani gidansa ya samu kujera cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, tare da gidan Moyijo na Yabo da su Waziri da Magajin Gari da Galadima. Hikimar wannan kujera a fili take: mai zaɓe yana da murya a kan wanda zai hau, amma shi kansa ba ya cikin masu hawa.

An gwada ƙarfin wannan ɗauri a 1817. Shehu ya rasu a watan Afrilu, aka yi wa Bello mubaya'a, nan da nan ƙasashe da dama suka tayar, Zamfara ta yi bore, Abdussalami ya yi tawaye a Kware. Lokaci ne da mai runduna zai iya neman nasa rabon da bakin mashi. Sarkin Yaƙi ya ci gaba da zama Sarkin Yaƙi a ƙarƙashin Bello.

Ƙasar nan ta san yadda labarin ke ƙarewa idan ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Shekaru 300 kafin haka, Muhammadu Kanta ya yi yaƙi a gefen Askiya Muhammadu na Songhai a harin Agadas. Aka samu saɓani a kan rabon ganima wajajen 1516, Kanta ya juya baya, ya karya rundunar da aka aiko masa, ya kafa daular Kabi. Kufan birninsa na Surame yana nan a yankin Binji da Silame. Ga Kabawa wannan tarihin 'yanci ne, kuma suna da hujjar alfahari da shi. Ga Askiya kuwa darasi ne mai ɗaci: jarumin da ba a yi masa rabon da ya yarda da shi ba, wata rana sarkin kansa zai zama.

Wani barde a Ingila

Matsalar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Sarakunan Ingila na ƙarni na 12 da na 13 sun rayu da ita, kuma babu wanda rayuwarsa ta fi bayyana ta kamar Wiliyam Mashal. An haife shi wajajen 1146, ƙaramin ɗa a gidan da ba shi da gadon da zai ba shi. Da doki da sulke ya nemi abincinsa, a wasannin barade na Faransa, inda wanda ya kayar da abokin karawarsa yake karɓe dokinsa da kuɗin fansa. A 1168 aka kama shi yana kare ayarin Sarauniya Elino, ita ta biya fansarsa. A 1170 aka ba shi renon yarima Henri a harkar yaƙi, kuma da yariman ya mutu a 1183, Mashal ya kai alkyabbarsa Ƙudus don cika masa alwashi.

A 1189, yana kare Sarki Henri na Biyu daga ɗansa Ricad da ya yi masa tawaye, ya yi gaba da gaba da Ricad ɗin, ya soke dokinsa ya bar shi da rai. Ba a jima ba sarki ya mutu Ricad ya hau. Maimakon ramuwa, sabon sarkin ya tabbatar masa da auren Isabel, magajiyar manyan ƙasashe a Wels da Ailan. Barden da ya fara rayuwa ba shi da ko gona ya wayi gari cikin manyan masu ƙasa, kuma a 1199 Sarki Jon ya naɗa shi hakimin Fembrok. Dabarar ita ce dai wadda aka yi wa Aliyu Jedo: rantsuwa, aure, ƙasa, kujera a majalisa.

Shi ma ba waliyyi ba ne. A 1205 ya yi caffa ga Sarkin Faransa don ya tsira da gonakinsa na Nomandi, ya ƙi bin Jon yaƙi, har Jon ya karɓi ɗansa a matsayin jingina. Amma da Jon ya mutu a 1216 ya bar yaro ɗan shekara 9, rabin hakimai sun yi tawaye, yariman Faransa yana cikin Landan, Mashal ne aka ba riƙon ƙasa. Yana da kimanin shekara 70 ya jagoranci yaƙin Linkon a watan Mayun 1217 ya ci nasara. Abin da ya fi yaƙin muhimmanci shi ne ya sake fitar da Magna Kata, yarjejeniyar 1215 mai taƙaita ikon sarki, a 1216 da kuma 1217, da hatiminsa a jiki. Ya rasu a 1219 bai nemi gadon sarauta ba. Shekaru 600 cif ke tsakanin Linkon da rasuwar Shehu, kuma a wuraren biyu abin da ya ceci sabon sarki shi ne babban mai takobi ya riga ya zama mai abin asara idan tsarin ya rushe.

Abin da za a iya faɗa a kan wannan

Mai karatu yana da damar ya ce wannan yabon zamanin da bai cancanci yabo ba ne, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Ƙasar da aka ba barde, a Ingila ko a Sakkwato, akwai manoma a cikinta, kuma ba a tambaye su ba. Ganimar da ake rabawa ta haɗa da mutane, waɗanda aka mayar bayi. Tawayen Abdussalami kansa ƙorafi ne a kan rabo. Shi Ba'are ne, malami, yana cikin na farko da suka sha wuya saboda Jama'a tun harin Gimbana, kuma ya ga abin da aka ba shi bai kai na wasu ba, ya kuma yi zargin ana zaluntar talakawa. Bello ya ba da nasa bayanin a Sardul Kalami. Aka ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya mutu da raunin da ya samu. Tsarin da ya riƙe Aliyu Jedo ya kasa riƙe Abdussalami, kuma jinin da aka zubar a kan hanyar Illela ta yau shi ne kuɗin wannan gazawa.

Don haka babu mai hankalin da zai nemi a dawo da rabon ƙasa ga mayaƙa ko gadon runduna. Abin ɗauka shi ne fahimtar da ke ƙarƙashin tsarin. Mutanen da suka kafa Sakkwato ba su ɗauka cewa kyakkyawar niyya ta isa ta riƙe mai makami ba. Sun tanadi amsa ga abubuwa huɗu: wa yake yi wa biyayya, daga ina abincinsa yake fitowa, wa zai yi masa hukunci idan ya yi ɓarna, kuma me zai samu idan yaƙi ya ƙare. Inda suka amsa da kyau an samu Binji. Inda amsar ta yi rauni an samu Kwalde da Kware.

Arewacin Sakkwato a yau

A watan Nuwamban 2024 hedikwatar tsaron Nijeriya ta bayyana Lakurawa a matsayin sabuwar barazana, kuma ƙananan hukumomin da aka ambata a Sakkwato su ne Gudu da Tangaza da Binji da Silame da Illela. Wanda ya ɗora wannan jeri a kan taswirar 1812 zai ga kusan ƙasar Aliyu Jedo ce. A watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Rahotanni da dama sun nuna cewa tun farko wasu shugabannin al'umma a yankin Gudu da Tangaza ne suka nemi taimakonsu a kan 'yan bindiga masu satar shanu. Mutanen da suka yi haka ba wawaye ba ne, hukuma ce ta yi musu nisa. Amma sun karɓi runduna a dunƙule, mai shugabanninta da aƙidarta, ba tare da wata igiya a hannunsu ba. Baƙin suka kori ɓarayi, sannan suka fara karɓar zakka da ƙarfi, suna yanke hukunci, suna kora dabbobi. An gudu ba a tsira ba.

'Yan sa-kai ma sun nuna ɗaya fuskar matsalar. Sun tashi ne don kare garuruwansu, amma inda babu alƙali a kansu, an sha kashe mutum a kasuwa saboda kamanninsa ko harshensa, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gwamnatocin jihohi sun ɗauki hanyar mayar da irin waɗannan matasa ƙarƙashin doka. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ma ta kafa tata a shekarar. Matakin daidai ne, domin ya fi barin kowa da bindigarsa. Sai dai rigar ɗamara da babur da bikin ƙaddamarwa ba su ne ɗauri ba. Tambayoyin nan huɗu suna nan suna jiran amsa, kuma 'yan majalisar jiha da 'yan jarida da ƙungiyoyin lauyoyi ne ya kamata su matsa a ba da ita a rubuce.

Albashin ɗan rundunar ya kasance cikin kasafin kuɗi, yana fita a kan lokaci, domin mai bindigar da aka bari da yunwa a kan hanyar da shanu da hatsi da man fetur ke bi zai samo wa kansa humusi. Kowane makami ya kasance da lamba da sunan wanda ke riƙe da shi. Makiyayi ko manomin da aka zalunta ya san ofishin da zai kai ƙara, ya kuma ga an taɓa hukunta wani. A ɗauki Bahaushe da Bafulatani da Ba'adare cikin runduna ɗaya, domin rundunar da ta zama ta ƙabila guda, ɗaya ƙabilar za ta nemi tata. Biyayyar rundunar ta kasance ga doka da ofis, kada ta zama ga ɗan siyasar da ya kawo sunayen, in ba haka ba ranar zaɓe za a gane ko na wane ne. A kuma faɗa tun yanzu abin da iyalin wanda ya mutu a bakin aiki za su samu, da sana'ar da mai rai zai koma idan ƙura ta lafa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin jiha. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyakar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, amma amincin da ke tsakanin jami'an tsaron ƙasashen biyu bai koma yadda yake ba. Masu makamai ba su san layin Turawa ba, kamar yadda Fulanin Ƙonni na zamanin Aliyu Jedo ba su san shi ba. Duk tsarin da ya tsaya a shingen Illela, rabin ƙasar kawai ya rufe. Hakimai da malamai da shugabannin kasuwa na Illela da Ƙonni, waɗanda auratayya da ciniki suka haɗa, suna iya riƙe zaren magana ko da Abuja da Yamai suna gaba, kuma hukuma ta fi cin riba idan ta ba su dama maimakon ta yi musu kallon zargi.

Masu kafa rundunonin yau suna da abin da Shehu bai samu ba a Gudu: kundin tsarin mulki, kotuna, baitulmali mai samun kaso duk wata, da lokacin yin shiri kafin a miƙa makami. Shi a tsakiyar yaƙi ya ɗaure Sarkin Yaƙinsa, kuma duk da haka sai da aka yi Alwasa. Wanda ya raba bindigogi a ƙasar Illela bai amsa tambayoyin nan ba, ba shi da uzurin cewa tarihin yankin bai gargaɗe shi ba.